Ƙurajen da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi

Duk mai fama da ƙurajen leɓe yana sanin zuwansu tun kafin kowa ya gani. Wani ɗan ƙaiƙayi ne ke fara zuwa a wuri guda, kamar ƙaramar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata, sai wurin ya ɗan yi zafi ya ɗaure. Kwana ɗaya ko biyu, sai ƙananan bororo su taru kamar an jera ƙwayoyin gero, cike da ruwa. Su fashe, su yi ɓawo, ɓawon ya tsage duk lokacin da ka yi dariya ko ka buɗe baki za ka kai loma. Kafin wurin ya koma daidai, an ci kwana 7 zuwa 10, wani lokacin har mako biyu.

Nawa a leɓen sama suke fitowa, ta gefen hagu, tun ina budurwa a Kano. Ba su taɓa sauya wuri ba. A shekara nakan yi su sau uku ko huɗu: bayan zazzaɓin cizon sauro, ko in na sha rana a kasuwa, ko in na yi doguwar tafiyar nan daga Kwatano zuwa Seme, Legas, har gida, ba barci ba abincin kirki. Yau shekara 17 ke nan ina sayar da atamfa da leshi a nan Kwatano, kuma 'yan uwana mata masu rumfa sun san abin da nake nufi idan na ce mai ciniki da bakinta take ci. Kina yabon kaya, kina rantsuwa kan cewa wannan zane ba ya zuba, ita kuwa mai saye idonta na kan leɓenki. Wata ma har ta ɗan ja baya. Ba ciwo ne mai kwantar da mutum ba, amma yana taɓa mutunci, yana taɓa ciniki.

A gida in aka ga ƙurajen sai a ce, "Alhamdu lillahi, zazzaɓin ya fito." Wasu kuma su ce gizo-gizo ne ya yi wa mutum fitsari da dare. Da na zo ƙasar masu Faransanci sai na tarar su ma da zazzaɓin suke danganta shi, domin a famasi "bouton de fièvre" suke cewa, wato ƙurjin zazzaɓi. Wanda ke zaune a Benin, Togo, Nijar, Kamaru ko Chadi ya riƙe wannan suna, zai yi masa amfani a gaban kanta.

Maganar "zazzaɓi ya fito" ɗin nan ce nake so mu fara gyarawa, domin na ga ta kusa yin ɓarna. Wani yaro da ke ɗauko mana kaya daga sito ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, aka gwada jininsa, aka ba shi maganin nan na kwana 3 da ake sha safe da yamma. A rana ta biyu leɓensa ya fashe da ƙuraje. Abokan kwanansa suka ce ai shi ke nan, cutar ta sami hanyar fita, ya ajiye sauran maganin don wani lokaci. Ya ajiye. Bai cika mako biyu ba zazzaɓin ya dawo masa da ƙarfin da ya fi na farko, sai da aka ƙara masa ruwa. Ƙurajen ba su fitar da komai daga jiki ba. Abin da suke nunawa kawai shi ne jiki ya gaji da faɗa, har wani tsohon baƙo da ke kwance ya sami damar ɗago kai. Maganin zazzaɓi a shanye shi duka, ko leɓe ya fashe ko bai fashe ba.

Wannan tsohon baƙo, wata ma'aikaciyar famasi a unguwarmu ce ta fara yi mini bayaninsa, daga baya 'yata da ta yi karatun jinya ta ƙara mini. Ƙwayar cuta ce ta bairos, sunanta herpes simplex nau'i na 1. Yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukarta, ta yawu: sumba, cokali ɗaya, moɗa ɗaya, abincin da aka tauna aka ba yaro. Idan ta shiga, sai ta bi jijiya ta je ta kwanta a wani kumburin jijiyoyi da ke can cikin kai ta wajen kunne, ta zauna nan har ƙarshen rayuwa. Zazzaɓi, zafin rana, iskar hunturu, gajiya, damuwa, ko al'adar mata, kowanne na iya tashinta, sai ta biyo jijiyar da ta bi tun farko ta sauko leɓe. Shi ya sa nawa kullum a gefen hagu suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 ne ke ɗauke da ita, wato kusan kashi 64 cikin 100. Da yawansu ba su taɓa ganin ƙurji ko ɗaya ba. Saboda haka wadda ta ja baya a rumfata, wataƙila ita ma tana da ita, tata ce dai mai nauyin barci.

To, me ake shafawa? In kika zauna a majalisar mata kika tambaya, za ki ji abin mamaki. Makilin. Turare mai barasa. Toka. Gishiri da lemon tsami. Man zafi. Akwai masu fasa kafso su barbaɗa garin. Na taɓa ganin wani mai sayar da kayan mota da ya ɗiga ruwan batir, leɓen ya ƙone, tabon yana nan har yau. Dabarar duk ɗaya ce: tunda abin ya yi zafi, ai yana aiki. Alhali fatar leɓe siririya ce ƙwarai, duk abin da ya ƙona ta ya ƙara wa ciwon faɗi da kwanaki. Kafso kuwa maganin bakteriya ne, ba ruwansa da bairos, asarar kuɗi ce kawai da kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne man bilicin da mayukan nan da ake ce wa suna maganin kowane ciwon fata. Da yawansu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, shi kuma aikinsa kwantar da garkuwar jiki a inda aka shafa. Ka shafa shi a kan ƙurjin bairos, ka buɗe mata ƙofa ke nan.

Na famasi kuma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Ka sayi wani ka shafa kwana biyar, ka ce bai yi aiki ba, alhali aikin da ka ɗora masa ba nasa ba ne.

Wanda na fi amfani da shi, kuma na fi jin daɗinsa a ranakun kasuwa, shi ne mai kashe zafi. Yana zuwa a matsayin man shafawa mai kama da ruwan kuɓewa, ko ruwa-ruwa a 'yar kwalba. In kika duba jikin kwalin za ki ga an rubuta lidocaine ko benzocaine, dangin allurar da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori. Yana toshe saƙon zafi a jijiyoyin fatar wurin. Bayan 'yan mintoci sai ki ji leɓen kamar ba naki ba. Ba ya daɗewa sosai, amma yana isa ki ci abinci ki yi magana da mutane ba tare da hawaye ba. Sau da yawa ana haɗa shi da kashi na biyu, wato mai tsabtace ciwo, irin su benzalkonium chloride. Shi wannan aikinsa hana bakteriya shiga bororon da ya fashe, domin a ƙurar kasuwa da hannayen da ke ƙirga kuɗi duk yini, ƙaramin ƙurji na iya yin mugunya ya zama gyambo. A ƙasashen Faransanci an fi sanin Bétadine mai ruwan ɗorawa, mai aidin a ciki. Ita ma tana tsabtacewa, ɗan kaɗan a waje, ban da haɗiya, kuma mai ciki ko mai shayarwa ta tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Akwai kuma masu shuɗi da shunayya da ake shafa wa yara, waɗanda ni dai ba na sa su a fuska, don ba zan zauna a rumfa da leɓe kamar na sha baba ba.

Waɗannan biyun, mai kashe zafi da mai tsabtacewa, ba sa taɓa bairos ɗin da ke kwance a jijiya, kuma ba sa hana ka shafa wa wani. Wannan na biyun ne ke da haɗari, domin da zafi ya tafi sai mutum ya manta yana da ciwo, ya ɗauki kofin ɗan uwansa ya kurɓa. Ruwan bororon nan cike yake da ƙwayar cutar, har sai ɓawo ya bushe ya faɗi da kansa.

Yadda nake yi, nakan wanke hannu da sabulu, in ɗiga maganin a kan tsinken audugar goge kunne, in ɗan dangwala a wurin ba tare da murzawa ba, in jefar da tsinken, in sake wanke hannu. Ba na mayar da tsinken da ya taɓa ciwo cikin kwalba. Ba na wuce adadin da aka rubuta a takardar, wanda galibi sau uku ne zuwa huɗu a yini. Kuma 'yan uwana masu shayi da koko, a kula: leɓen da aka kashe wa zafi ba ya jin ƙuna. A bar abin sha ya huce. Kwalbar kuma ta mutum ɗaya ce, kamar asuwaki. Ko 'yar cikina ba na ba ta tawa.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye mata: kada a shafa wa jarirai da ƙananan yara mai kashe zafin nan, ko don ƙuraje ko don fitar haƙori. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa kada a yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 2 amfani da benzocaine a baki, domin yana iya ɓata jini ya kasa ɗaukar iska, yaro ya yi shuɗi, har ta kai ga rasa rai. Lidocaine ma in yaro ya haɗiye da yawa yana iya sa shi jijjiga. Abin da ke zama sauƙi ga uwa ba lallai ya zama sauƙi ga ɗanta ba.

Kashi na uku shi ne wanda ke faɗa da bairos ɗin kansa, man aciclovir mai kashi 5 cikin 100. Ana shafa shi sau 5 a yini, kamar kowace awa 4, har kwana 5. Sirrinsa lokaci ne: tun a ƙaiƙayin farko, kafin bororo ya fito. In aka bari sai ya fashe, amfaninsa kaɗan ne. Ko an fara da wuri ma, gaskiyar magana abin da yake ragewa bai fi rabin yini zuwa yini ɗaya ba, sai dai a wurina yini ɗaya na kasuwa ba ƙaramin abu ba ne. 'Yata ta gaya mini cewa cikin waɗanda aikinsu ya kai ga samun wannan magani akwai wata mata Ba'amurkiya, Gertrude Elion, wadda ta sami kyautar Nobel a 1988. Na ce Allah sarki, ashe mace ce ta san zafin abin. Masu yawan yin ƙurajen, ko waɗanda nasu ke yin muni, likita kan rubuta musu na sha, kuma ya fi na shafawa ƙarfi. Masu son zuma kuma ba su yi nisa da hanya ba, domin a wani gwaji da aka wallafa a 2019 daga ƙasar New Zealand, an gwada wata zumarsu da aka tace don magani da man aciclovir, kwanakin warkewa suka zo kusan ɗaya. Sai dai tasu tatacciya ce ta asibiti, ba irin wadda ake haɗawa da sukari a sayar a tasha ba, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

Inda ake saye ma abin dubawa ne. Mu da muke Kwatano mun ga yadda a 2017 gwamnati ta kwashe masu sayar da magani a sashen Adjegounle na kasuwar Dantokpa. Mutane da yawa sun yi asara, cikinsu har da namu, kuma na tausaya musu. Amma man da ya yini a faranti a tsakar rana, ko na gaskiya ne ya riga ya lalace. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin kowane magani 10 ana samun 1 na jabu ko marar inganci. Ni famasi nake zuwa, in duba ranar lalacewa, in ajiye shi a jakar da ba ta shan rana.

Duk wannan na leɓen manya ne, kuma babba ko bai shafa komai ba zai warke. Inda abin ya zama na rai da mutuwa shi ne jariri.

Shekara biyu da suka wuce 'yata ta fari ta dawo gida haihuwa, kamar yadda aka saba a cikin fari. Ta sauka lafiya, namiji. A daidai lokacin yayan maigidana yana gari, ya zo daga Kano sayen motoci. Shi ne babba a gidansu, shi ke yi wa duk jariran zuri'ar huɗuba, ya tauna dabino ya shafa musu a dasashi. Har yara kan yi alfahari cewa yawun Alhaji Babba ne ya fara shiga bakinsu. To, tafiyar ta ba shi wahala, ya yi zazzaɓi a hanya, ya iso da ƙuraje a leɓen ƙasa, sabbi, suna ruwa.

Jariri a makonninsa na farko, musamman huɗu zuwa shida, garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba. Ƙwayar da ke tsayawa a leɓen babba, a jikinsa tana iya shiga jini, ta kama hanta, ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana kisa, wanda ya tsira kuma yana iya tashi da nakasa. Mai jego ta san wannan fiye da ni, ga ta kwance tana kallona, ba ta da bakin da za ta yi wa wan mahaifinta magana.

Na sami maigida a ɗaki na gaya masa. Ya yi shiru, ya ce, "Hajiya, ke kin san Yaya. Ta ina zan fara?" Na ga dai in na jira shi za a kawo dabino. Sai na yafa mayafi na je falo na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Yaya Alhaji, ina neman alfarma, in na yi kuskuren lafazi a yafe mini."

Ya ce, "Faɗi mana, Hajiya."

Na ce, "Wannan abin da ya fito maka a leɓe, ni ma ina yin sa, shekara da shekaru. Likitoci sun ce yana kama jariri ta yawu, kuma yana yi musu illa ƙwarai. Ko ni kakarsa, in nawa ya fito ba zan kusantar da bakina gare shi ba. Huɗuba taka ce, ba mai karɓe maka. Dabinon ne nake roƙon a bar wa ƙaninka."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce, "Jarirai nawa na yi wa a gidan nan, wanne ya mutu?" Na ce, "Babu, Yaya, Allah ya tsare. Amma ban taɓa ganin ka yi da ciwo a baki ba." Ya kalli ƙaninsa, ƙaninsa ya kalli ƙasa. Daga ƙarshe ya tashi ya wanke hannu da sabulu, ya karɓi yaron ya yi masa kiran salla a kunne ba tare da ya manna baki ba, ya yi addu'a, ya miƙa shi. Maigida ya wanke hannu, ya murje ɗan dabino da yatsa har ya yi laushi, ya shafa. Mun zaɓi yatsa ne saboda ƙwayar kan fito a yawu wani lokaci ko babu ƙurji a fili.

Ba zan ce abin ya wuce salin alin ba. Har ranar suna gaisuwarsa gare ni a taƙaice take, kuma labari ya riga shi isa Kano cewa matar Kwatano ta hana Alhaji jikansa. Wata ƙanwarsu ta kira ni ta ce boko ya yi mana yawa. Na ba ta haƙuri, ban janye ba. Ranar sunan ma na sa wata ƙanwata ta zauna kusa da mai jego, duk wadda ta zo ɗaukar yaro a zuba mata ruwa ta wanke hannu, mai ciwo a baki kuma ta yi barka daga nesa. Wasu sun ji haushi, wasu sun ce dama abin yana damunsu ba su san yadda za su faɗa ba.

Ita kanta mai jego in ƙurjin ya fito mata, ba a raba ta da ɗanta kuma ba ta daina shayarwa, sai dai in a kan nonon ciwon yake. Ta rufe bakinta da takunkumi, ta riƙa wanke hannu kafin ta taɓa shi. Idan kuwa jariri ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya farkawa, ko jikinsa ya yi zafi, ko aka ga ƙananan bororo a fatarsa, bakinsa ko idonsa, asibiti ake nufa a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne, kuma a gaya wa likita cewa akwai mai ƙurajen leɓe a gidan. Kada a tsaya jiran ganin bororo, don wasu jariran ba sa fitar da shi.

Manya ma akwai inda maganin shafawa ya ƙare. Ƙurjin da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko yake ta faɗaɗa, ko ya matso kusa da ido, na likita ne. Ido musamman, domin wannan ƙwaya tana iya lalata gani, shi ya sa ba a taɓa leɓe a koma murza ido. Haka mai ciwon da ke raunana garkuwar jiki, da yaro mai ciwon fatar nan mai ƙaiƙayi da bushewa, wanda ƙurajen kan bazu a jikinsa. Yaron da ya kamu karon farko kuma bakinsa duka kan yi ciwo, dasashi ya kumbura, ya ƙi ci ya ƙi sha, a nan ƙarancin ruwa a jiki ne abin tsoro, a kai shi a duba. Tsakanin miji da mata kuwa a yi haƙuri har ya bushe, domin ƙwayar tana iya sauka a wurin da ba baki ba. Na san an gane.

Ba kowane ciwon baki ne wannan ba. Farin gyambon nan da ke fitowa a cikin kunci ko ƙarƙashin harshe daban ne, ba ya yaɗuwa, kodayake mai kashe zafi yana taimaka masa shi ma. Tsagewar gefen baki ma daban ce.

Da hunturu ya kama, ko zan yi tafiya gida, ba na rabuwa da man kaɗanya ko basilin a leɓe, kuma in zan daɗe a rana ina sa man leɓe mai kare hasken rana, don na lura yana rage mini yawan fitowarsu. In ɓawo ya yi, basilin ɗin ne ke hana shi tsagewa, kuma ba na ɓamɓare shi komai ƙaiƙayi. Da azumi na tambayi malaminmu na Zango, ya ce abin da aka shafa a wajen leɓe ba ya karya azumi matuƙar bai wuce maƙogwaro ba, don haka nakan shafa kaɗan da rana, in bar mai kashe zafin sai dab da buɗa baki da sahur, lokacin da nake bukatarsa. Maigida kuma, da yake ba ya rabuwa da majalisar shayi a wurin masu motoci inda ƙananan kofuna uku ke zagaya mutum goma, na saya masa nasa kofin, yana cikin aljihun motarsa.